Baƙin Salatif a Motar Mubashir

Sallama gare ku masu bin labarina, har da ku da kuke cika min akwatin saƙo da nasihar cewa mace ta gari ba ta warin man giya. Na gode, Allah ya saka. Na dai lura yawancinku daga kan babur ɗin haya kuke rubuto min, don motocinku suna wurin gyara tun Sallar bara.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Lauratu, 'yar Kaura Namoda ce ni, kuma gyaran mota na karanta a Poli. Ina da wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, ana soka ta ƙarƙashin sitiyari, ta gaya wa wayata abin da ke damun motar. A garinmu wannan shi ake kira sa kwamfuta, kuma ana faɗinsa ƙasa-ƙasa kamar an kai mutum wurin boka. Abokan Baba suna shigo min da motocinsu ta ƙofar baya, wajen rumbu, in duba in gyara. Daga nan su fita su shaida wa duniya cewa motar da kanta ta warke.

Mubashir ɗan Shinkafi ne. A Poli muka haɗu, ranar da akwatin kayan aikina ya ɓalle a bakin get, ya tsuguna da farar shaddarsa yana tsince min sifanu ɗaya-ɗaya. Tun ranar yake kirana Injiniya. Ina son sa. Na faɗa tun yanzu, don kada wata ta zo tana ce min dama can neman hanyar guduwa nake yi.

Wata uku da suka wuce ya turo min hoton gaban sitiyarin motarsa, wata ruwan toka 'yar Kwatano mai canza giya da kanta, ya rubuta: "Ina hanyar zuwa gare ki." Wata budurwar da hoton zuciya za ta mayar masa. Ni kuwa na buɗe hoton da yatsu biyu, na ga 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji tana ci a kusurwa.

"Fitilar injinka a kunne take. Kawo ta in duba."

Bayan kwana biyu ya amsa: "An gyara, ranki ya daɗe." Har da hoton fure.

To, Asabar da ta wuce aka sa baffansa, Alhaji Tukur, zai zo da wasu dattijai biyu su nema masa aurena wurin Baba. Mubashir ne zai tuƙo su, ya ajiye su, ya jira a waje kamar yadda aka saba. Ranar Juma'a da yamma, ina zaune hannuwana a shanye ana jiran lalle ya kama, saƙonsa ya shigo. Da gwiwar yatsa na buɗe.

"Injiniya, wata 'yar alfarma. A gida na ce musu malamar makaranta ce ke. Na ɗan lokaci ne, har a ɗaura. Kin san mutanenmu."

Na karanta wa Inna a fili, ina jiran ta taya ni jin haushi. Ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah.

"Yaro na mai hankali," in ji ta. "Ke, wagga sana'a taki in sunka ji ta, ko ruwan gidanga ba su sha. Gobe ki zan malama. Mi za ya rage ki?"

"Inna, me nake koyarwa? Ko da za a tambaya."

"Ki koyar da shiru."

Da safe aka kwashe akwatin kayan aikina aka tura ƙarƙashin gadon Inna, aka jera kwalla a gabansa. Rigar aikina aka cusa cikin buhun da aka juye gero. Aka turare gidan har kaji suna tari. Ni kuma aka sa ni cikin leshi ruwan zuma mai nauyin bargo, da ɗankwalin da aka ɗaura min shi kamar ana tsoron kaina zai gudu, da humrar da 'yan uwan Inna suka aiko daga Zurmi. Na dubi madubi na ga malama sosai. Har na ji kamar in ba wani aikin gida.

Sun iso da hantsi. An ci masa da miyar taushe, an sha fura, an yi magana a zaure. Aka kira ni na durƙusa na gaishe su ina kallon tabarma. Alhaji Tukur dogo ne, siriri, mai farin gemu da idon ɗan kasuwar hatsi, irin wanda ke sa hannu cikin buhu har gwiwa kafin ya yarda da abin da ke sama.

"Malama, yaya ɗalibai?"

"Suna nan, Alhaji," na ce. Ai suna nan ɗin. Wani wuri.

Baba ya ɗago ya dube ni, ya dubi Alhaji. Ashe shi ba a gaya masa an canza min sana'a ba.

Bayan azahar suka yi sallama, don kowa ya san hanyar Shinkafi ba a barin rana ta yi sanyi a kanta. Ina ɗaki ina kwance ɗankwali na ji motar ta tashi. Ta ja kaɗan, sai na ji wani gam, kamar an buga ƙofar ƙarfe. Inji ya yi ta kuka, motar kuwa tana jan ciki. Ta kai ƙarshen layi ta dawo, kukan bai sauya ba.

Waya ta yi ƙara, saƙon Mubashir ne.

"Injiniya, mota ta ƙi canza giya. Ba ta wuce talatin, ina jin."

"Kana jin? Allurar gudu me ta nuna?"

"Tana kwance a sifiri."

"An wanke inji?"

"Yau da safe, da ruwan matsi. Don mu zo da mutunci."

Mutanenmu ke nan. In za a je biki ko neman aure, sai a buɗe bonet a yi wa inji wankan amarya, kamar surukai za su leƙa su ga ko yana da tsabta.

"Fitilar inji tana ci?"

"A'a. Babu wata fitila."

Nan na ɗan tsaya. Bari in yi muku karatun, tunda an ce malama ce ni. A jikin giyabos akwai wata 'yar sensa, ba ta fi babban yatsa ba. Aikinta ta ƙirga yadda ƙarfen da ke juya tayoyi yake juyawa, ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota. Da wannan labarin ƙwaƙwalwa take sanin lokacin sa giya ta biyu, ta uku, ta huɗu, kuma da shi allura take tashi. In sensar ta yi shiru, mota ba ta san ko gudu take ko a tsaye take ba, sai ta riƙe giya ɗaya ta ƙi saki, don kada ta fasa kanta. Allura a kwance, giya a maƙale, ga wankan safe: duk alamu sun nuna sensa. Amma da ita ce, dole fitila ta kama. Mota ba ta ɓoye irin wannan ciwon.

"Kashe ta. Murɗa makulli rabi, kada ka tayar. Duk fitilu za su kama na ɗan lokaci. Mai siffar inji ta kama?"

Ya daɗe. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo.

"A'a."

"To ko an cire ƙwan, ko an rufe shi. Bari in fito."

"Don Allah kada ki fito. An aika a kira Labbo. Ki gaya min abin da zan ce masa."

Ku yi min dariya, na cancanta: na yarda. Na zauna bakin gado cikin leshina ina rubuta masa mataki-mataki. A duba man giya. A nemo soket ɗin sensa a saman giyabos. A cire, a ga ko da ruwa.

Baba Labbo shi ne bakaniken unguwarmu tun kafin a haife ni. Hannunsa yana da kyau, ba na raina shi. Ba shi tsohuwar a-kori-kura ya tayar maka da ita da ƙusa da igiya. Amma mota mai ƙwaƙwalwa hukunci ɗaya gare ta a wurinsa. Bayan rumfarsa akwai tsibin giyabos da ya yanke wa hukuncin, an jera su kamar maƙabarta.

Ta tagar da ke kallon ƙofar gida na leƙa. Ya zo, ya sa kunne a jikin mota, ya ɗan lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi.

"Giya ta," in ji shi. "Ta tashi aiki. A bar min ita kwana bakwai in sauke in sa wata."

"Baba Labbo," in ji Mubashir yana satar kallon waya, "ni kuwa ina tunanin ko wata sensa ce."

"Kai ɗan boko, sansa mi? Shekara talatin ina jin kukan giya. Wagga ta mutu."

Dattijan suka yi shawara. Motocin haya na Shinkafi sun riga sun tashi. Kwana a gidan da aka zo neman aure kuwa, Alhaji Tukur ya ce ba a taɓa yi ba a zuriyarsu, kuma ba daga kansa za a fara ba.

"Tana tahiya ko ba ta tahiya?" ya tambayi Labbo.

"Tana tahiya, Alhaji, amma kamar jaki mai kaya."

"To mu hau jakin. Mubashir, tada."

Na janye daga tagar. Duk wanda ya san hanyar nan ya san wuraren da direba ke taka mota yana salati don tsoron 'yan bindiga, ba ya ko kallon gefe. A talatin, da dattijai uku, tafiyar da ake yi kafin la'asar za ta kai su magariba a tsakiyar daji. Mubashir ya fi ni sanin haka, kullum a kanta yake. Na zuba wa wayata ido ina jiran kalma ɗaya: fito.

Saƙo ya shigo. "Za mu lallaɓa a hankali. Ki yi mana addu'a."

Na ji ya buɗe wa baffansa ƙofa.

Inna ta tare ni a tsakar gida, na riga na jawo akwatina, kwalla biyu suna birgima a bayana.

"Lauratu, in kinka hita, kin kashe aurenki da hannunki."

"Inna, in ban fita ba, wa za a aura min?"

Na zazzage rigar aiki daga buhu, na ɗora ta kan leshin, ƙaiƙayin gero yana cin wuyana. Na ɗaure mayafi tam a ƙugu, na fita.

Mubashir ya dube ni kamar ya ga mai bin sa da sammaci. Na durƙusa gaban Alhaji Tukur.

"Alhaji, a ba ni rabin awa. In ban gano ba, ku tafi."

"Malama, mi kika sani ga mota?"

"Kaɗan, Alhaji."

Baba ya gyara tsayuwa a bakin zaure. "A ba ta makulli," ya ce. Abin da ya faɗa ke nan.

Na zauna mazaunin direba, na haska gilashin da ke gaban sitiyari da fitilar waya. A kusurwar hagu, daidai inda na ga fitilar nan a hoto, akwai ɗan baƙin salatif an yanka shi murabba'i, an liƙa da kyau. Aikin mai haƙuri. Gefensa ya bushe, ya tara datti, ba liƙin yau ba ne, ba na jiya ba. Na sa farcen da aka sha wahalar yi wa lalle na ɓare shi. Na murɗa makulli. Fitila ta fito ruwan ɗorawa, tana ci abinta, kamar yadda take ci wata uku a cikin duhu.

Alhaji ya sunkuyo ta taga. "Wa ya liƙe wanga?"

"Wani bakanike ne a Shinkafi, Baffa," in ji Mubashir.

Na buɗe aljihun gaban mota ina neman tsumma. Ga naɗin baƙin salatif, ga reza a gefensa. Ga wayar cajin Mubashir tana lilo, an naɗe wuyanta da irinsa. Na mayar da aljihun na rufe a hankali. Guntun da na ɓare na manna a bayan wayata.

Na soka na'ura. Waya ta nuna P0500.

"Mi ta ce?" in ji Labbo, ya matso duk da kansa.

"Ta ce ba ta jin labarin gudu, Baba Labbo. Amma ba ta ce laifin wa ba. Ko sensa, ko wayar wuta, ko giyar da ka ce. Sai mun bi su."

Da giyar na fara, don girmansa. Na bar inji yana aiki, na zaro sandar awon man giya, na goga a farin tsumma na miƙa masa. Ja ne garau.

"Shinshina, Baba. Giyar da ta ƙone, manta baƙi ne, yana warin ƙauri."

Ya shinshina sau biyu. "Ba ƙauri," ya ce, kamar an ƙwace masa wani abu.

Na kashe inji, na zura hannu bayansa, inda giyabos yake. Zafi ya lashe min damtse, hannun leshi ya sha baƙin mai. Na lalubo soket na cire. Ruwa ya ɗigo min a tafi. Na busar da shi, na murɗa makulli rabi, na sa mitar gwada wuta a wayoyin: wuta tana zuwa daidai, wayar da ke komawa jikin mota ma lafiya. Wayoyi sun fita daga zargi. Na mayar da soket, muka ɗaga gaban motar da jak, Labbo yana juya taya da hannu, ni ina kallon mita a kan wayar da ke kai labari. Da sensa tana da rai, lamba za ta riƙa tsalle tana sauka. Ko motsi.

Ƙusa ɗaya ce ke riƙe da ita. Sifana mai lamba goma, juyi shida, ta fito. Jikinta a tsage daga sama har ƙasa, tsagar ta yi baƙi don tsufa. Ta daɗe tana aiki tana ɗaukewa, tana kunna fitila tana neman taimako. Wankan safe ne ya ƙarasa ta.

Labbo ya karɓa ya juya ta a tafinsa. "Wanga ɗan abin?"

"Shi. Baba Labbo, cikin giyabos ɗin da ke bayan rumfarka akwai irin na motar nan?"

"Ukku."

"Ka taɓa cire musu wannan?"

Ya karɓi sifanar daga hannuna, ya hau babur. Kafin in gama goge soket ya dawo da guda biyu a aljihun gaba. Na gwada ta farko, ya juya taya, lamba ta yi tsalle. Ya sake juyawa, da ƙarfi, ya sake, yana kallon mitar.

"Ɗiyar Malam," ya ce a hankali, "ashe wasu da ransu na rufe su."

Na ɗaure ƙusa, na share lambar daga ƙwaƙwalwar mota, fitila ta mutu da kanta. Alhaji ya ce wadda ta gyara ita za ta gwada, ya shiga baya shi da Baba. Na ja mu har wajen tashar jirgin ƙasa. Allura ta tashi: ashirin, arba'in, sittin. Giya tana shiga kamar ana zuba mai a tuwo. Muka dawo ƙofar gida.

"Malam," in ji Alhaji Tukur yana fitowa, "mu an ce muna malamar makaranta ta."

"Wa ya ce? Ni dai ban ce ba," in ji Baba.

Duk aka juya ga Mubashir. Ni ma. Ga ni da baƙin mai har gwiwar hannu, zanen lallen ya ɓace a ƙarƙashi, ina jiran mutumin da ya tsince min sifanu a bakin get ya buɗe baki ya ce: Injiniya ce, ni na ɓoye.

Ya dubi agogonsa. "Baffa, lokaci yana tafiya."

Suka tafi ana kiran la'asar. Inna ta shige ɗaki ta ja labule. Ni na zauna bakin rijiya da garin sabulu ina dirzar hannu.

Ana idar da magariba Baba ya aiko a kira ni zaure, Inna ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ce Alhaji Tukur ya bugo, sun isa lafiya da sauran rana. Ya ce Alhaji ya ce shi bai ga abin ɓoyewa ba, mace mai sana'a ai ba abin kunya ba ce, kuma yana da motocin ɗaukar hatsi biyu da suka ishe shi da fitila. Suna so a sa rana.

Inna ta rangaɗa guɗa har da riƙe hanci. Wadda ɗazu ta yi wa aurena jana'iza.

Kun ji fa. Mutanenmu da aka ce in sani, waɗanda saboda su aka tura akwatina ƙarƙashin gado, ko tambayarsu ba a taɓa yi ba.

Wayata ta yi ƙara a cinyata. "Kin gani, Injiniya? Komai ya wuce lafiya. Ba sai an sake tayar da maganar ba." Da hoton fure.

"To, mi kika ce?" in ji Baba.

Na juya wayar. Ɗan baƙin salatif yana nan manne a bayanta.

"Baba, a ce musu su dakata."

Guɗar Inna ta tsinke a tsakiya. Baba ya dube ni, ya gyaɗa kai ya jawo carbinsa.

Na koma ɗaki na nemo hoton nan na wata uku, mai fitila a kusurwa, na haɗa da saƙonsa na "An gyara, ranki ya daɗe", na ɗauki hoton salatif ɗin a tafin hannuna, na tura masa su ukun. Ban ƙara ko harafi ba.

Yau kwana uku. Ya buɗe, na ga alama. Inna ba ta yi min magana sai ta bakin tukunya. Baba Labbo kuwa ya zo jiya, ta ƙofar gaba, da sensa tara a cikin leda, wai in gwada masa su. Muna cikin gwaji na ga Mubashir ya fara rubutu. Na ajiye mita, na riƙe wayar da hannu biyu kamar wata sakara. Ya rubuta, ya rubuta, ya rubuta.

Sannan ya goge.